Daga Dainamo zuwa Birenbos: Rewayar Manyan Injuna a Jos

Kuza ce ta haifi sana'ar rewayar manyan injuna a Jos. Bayan an kafa kamfanin wutar lantarki na NESCO a 1929 don kawo wuta daga Kurra zuwa filayen haƙa, kamfanonin haƙar kuza irin su ATMN na Bukuru suka buƙaci masu sanin waya, kuma a garejojinsu iyayen gidanmu suka koyi aiki. Da farashin kuza ya faɗi warwas a 1985, da yawansu suka koma masana'antu da garejojin Farin Gada, inda muka same su.

Injunan zamaninsu 'yan Ingila ne masu dainamo, kuma har tsakiyar shekarun 1960 yawancinsu kan fozitif ne ke kama jikin ƙarfe. Dainamo yana da haƙuri: ko an juya batir, a taɓa masa waya ɗaya ya yi tartsatsi, ya koma caji. Da altaneta ta zo, negatif ya koma jiki, juya batir na daƙiƙa guda ya isa ya ƙona diyod.

Shi ya sa idan aka kira mu kan tsohon fokilif da ya mutu bayan canjin batir, tambayar farko ita ce, "Wa ya ɗaura, kuma an ga tartsatsi?" Yaron sito zai sunkuyar da kai ya ce, "Oga, kaɗan ne." Daga nan sai kwan gwaji. A kankare farin garin da ya taru a kan batir, a duba wayar jiki, a bi babbar waya zuwa solonaid. Kusa da nan akwai siririyar wayar da aka yi don ta ƙone a madadin sauran. Robarta lafiya lau, amma ka ja ta sai ta miƙe kamar cingam. Idan an canza ta sabuwar ta sake yin zafi, to da alama diyod ɗin altaneta sun haɗe.

Yanzu fokilif na tokumbo suna zuwa da birenbos, wato kwamfutar injin, yara kuma suna gaggawar zarginsa, a ruga kasuwar Dilimi neman wani. Sau da yawa fis ne kawai ya tafi. Ƙa'idar mutanen Bukuru tana nan daram: kada ka sayi kaya sai ka nuna da kwan gwaji inda wuta ta tsaya.