Kayak da Jagoran Ruwa: Tarihin Tuƙin Sabon Shiga

A ƙasashen Turai da Amurka, mutumin da bai taɓa riƙa filafili ba yana iya zuwa bakin kogi da hantsi, ya biya kuɗi, a ɗaura masa rigar hana nutsewa, a nuna masa tuƙi na ɗan lokaci, sa'an nan ya bi bayan jagora cikin ɗan ƙaramin jirgin da ake kira kayak. Wannan wasan hutu yana da dogon tarihi, kuma tarihin ya nuna cewa duk sa'ad da jirgin ya ƙara sauƙin samu, buƙatar wanda ya san ruwa ƙaruwa take yi.

Asalin kayak na mutanen Inuwit ne da maƙwabtansu, mazauna ƙasashen ƙanƙara na Girinlan, arewacin Kanada da Alaska. Maza kan haɗa ƙashin jirgin da itacen da teku ta turo gaɓa, mata kuma su ɗinka masa fatun dabbobin teku, a shafe shi da kitse don kada ruwa ya shiga. Akan auna shi daidai jikin mai shi, tamkar riga. Kayan farauta ne, kuma tun yana yaro maharbi yake koyon zama cikinsa, da dabarar miƙewa in ya kife ba tare da ya fita ba, domin a ruwan ƙanƙara wanda ya faɗa ba ya daɗewa da rai.

Wanda ya mai da shi abin yawon buɗe ido wani lauya ne ɗan asalin Sikotlan, John MacGregor. A 1865 ya sa aka ƙera masa jirgin katako mai tsawon kimanin mita 4 da rabi, ya raɗa masa suna Rob Roy, ya bi koguna da tafkunan Turai da shi. Littafin da ya buga a 1866 game da tafiyar ya samu karɓuwa ƙwarai, kuma a shekarar ce ya kafa ƙungiyar matuƙa a Ingila. Sai dai a lokacin wasan na masu hali ne, saboda tsadar jirgin da wahalar ɗaukarsa.

Jamus ce ta sauƙaƙa lamarin. A 1905 wani ɗalibi, Alfred Heurich, ya ƙera kayak mai naɗewa, ya gwada shi a kogin Isar. A 1907 wani tela na garin Rosenheim, Johann Klepper, ya sayi izinin ƙirar ya shiga yi don sayarwa. Daga nan mutum na iya cusa jirginsa cikin jaka, ya hau jirgin ƙasa zuwa bakin ruwa. Shekarar 1936 ta ƙara wa abin ƙarfi ta hanya biyu: tseren kayak ya shiga cikakkiyar gasar Olamfik a Balin, a Faransa kuma doka ta ba ma'aikata hutun mako 2 da albashi, talaka ma ya samu lokacin yawo. A shekarun 1970 aka fara zuba kayak na roba mai tauri, mai araha, wanda ke bugun dutse bai fashe ba.

Nan ne aka samu abin da Inuwit ba su sani ba, wato baligin da ke cikin jirgi alhali bai san ruwa ba. Roba ta jure wa dutse, amma ba ta koya wa kowa inda ruwa ke juyawa ba. Saboda haka jagoranci ya zama sana'a mai ƙa'ida. An kasa wahalar koguna mataki 6, daga ruwa mai tafiya a hankali zuwa wanda ƙwararre ma ke sayar da rai a cikinsa, sabon shiga kuwa ba a wuce mataki na 1 ko na 2 da shi. A Faransa, wanda zai karɓi kuɗi don jagorantar mutane sai yana da takardar shaidar da hukuma ta yarda da ita, kuma ana neman mai shiga ya iya iyo na mita 25. A kwazazzabon kogin Ardeshi, mai tsawon kimanin kilomita 30, inda ɗimbin baƙi ke tuƙi kowace shekara, an keɓe wurin a 1980 don kare halittunsa, aka iyakance wuraren kwana.

Abin da Turai ta rubuta a doka, kogin Isa, wanda ake kira Kwara, ya daɗe da saninsa a aikace, kuma baƙinsa na farko daga Turai su ma sababbin shiga ne a kansa. A ƙarshen 1805 Mungo Park ya tashi daga Sansandin, a Mali ta yau, cikin jirgin da aka haɗa da kwale-kwale biyu. Jagoransa kuma tafintansa, Amadi Fatuma, ya rabu da shi a Yawuri. Park ya ci gaba, ya halaka a duwatsun Busa a farkon 1806. Shekara 140 bayan haka, Jean Rouch da abokansa biyu, Jean Sauvy da Pierre Ponty, sun bi kogin daga mafarinsa a Gini har teku, tsakanin 1946 da 1947. A yankin Ayoru Rouch ya zauna da Sorko, masuntan da Hausawan Kabi da Yawuri ke kira Sarkawa, ya ɗauki fim ɗin farautar dorina. Babban amininsa, Damure Zika, ɗan Sorko ne, kuma shi ya buɗe masa ƙofar al'adun ruwa. Da ɗan gari akan ci gari, in ji masu iya magana.

Kogin ya ratsa Nijar tsawon kilomita 550. Kafin rashin tsaro ya durƙusar da yawon buɗe ido a jihar Tillaberi, matuƙan Bubon da Ayoru ne ke kai baƙi kallon dorina, su ne suka san nisan da ya kamata a ba uwa mai ɗa, da inda rairayi ya cike hanya, da alamun hadarin da ke tafe da iska. Wannan sani ba ya cikin littafi, gado ne daga uba zuwa ɗa, kuma sana'ar da ta daina ciyar da mai ita ba a cika gadonta ba. Ga malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu, akwai aiki a nan: a zauna da dattawan ruwa, a rubuta sunayen gungu da mashigai da ƙa'idodin tuƙi cikin harsunansu tun suna raye. Jirgi ana iya saye a kasuwa, amma wanda zai ce a bi nan, kada a bi can, sai an rene shi a bakin kogi.