Kasuwar Kurmi da Abin da Ya Riƙe Ta

A tsakiyar birnin Kano akwai wani rafi da ake kira Jakara. A gefensa ne Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya kafa kasuwar Kurmi. Sarki ya ba da fili, ya tsare hanyoyi, amma bai aika wa Buzaye ya ce su kawo gishiri ba, bai kuwa ƙayyade wa masaƙa yawan zanen da za su saƙa ba. Duk da haka kullum sai kasuwa ta cika, kowane irin kaya da rumfunansa. To, me ke shirya wannan babban aiki? Abu biyu ne, farashi da amana.

Idan goro ya yi ƙaranci a Kurmi sai kuɗinsa ya hau. Da labari ya kai kunnen fatake, watau Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, sai su labta wa jakuna kanwa da riguna, su bi madugu zuwa Gwanja, tafiyar watanni, su komo da goro. In ayari ya yi yawa goro ya faɗi, baɗi wasu su juya ga wani kayan. Ta haka farashi ya zama ɗan aike, yana gaya wa kowa abin da gari ke bukata.

Amana kuwa ga yadda take. Baƙo in ya iso, gidan fatoma yake sauka. Fatoma ya ba shi masauki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, in an ba da bashi ya tsaya a kai. Dillali ya kan sami la'ada, saboda haka sunansa shi ne jarinsa. Wani Bature, Clapperton, ya zo Kano cikin 1824. Ya ga ana rubuta sunan dillali cikin kowane ƙunshin riga ko turkuɗi. Ko an kai Barno aka kwance aka ga algus, sai a komo da shi, dillali ya nemo mai kaya, a mayar da kuɗi. Cikin 1851 wani Bajamushe, Barth, ya kintata tufafin da Kano ke fitarwa sun kai na wuri miliyan 300 a shekara, ana kai su har Tambutu da Tarabulus. Masaƙa da marina da mabuga ne suka yi su, kowa a gidansa ko a karofinsa.

Wani masani na ƙasar Sikotilan, Adam Smith, ya bayyana irin wannan cikin 1776. A ganinsa, in aka bar kowa ya nemi na kansa ta hanyar ciniki, jama'a duka za ta amfana. Masu bin ra'ayinsa suna cewa aikin hukuma shi ne tsaro da shari'a, sauran a sakar wa kasuwa mara. Amma Kurmi ba ta zauna ba mai ido a kanta ba. Akwai Sarkin Kasuwa mai karɓar kuɗin rumfa, yana sa baki a farashi, akwai kuma alƙali. Har wa yau a cikinta aka sayar da bayi, waɗanda ba a nemi yardarsu ba. Cinikin da ba yardar kowa da kowa ba 'yanci ba ne.

Bayan Turawa sun ci Kano cikin 1903, sai aka ga ƙarfin farashi a fili. Hanyar jirgin ƙasa ta iso cikin 1911, Turawa suna sa ran su kwashi auduga zuwa masaƙun Ingila. Manoma suka yi lissafi. Suka ga masaƙan gida sun fi Bature sayen auduga da daraja, gyaɗa kuwa tana da kuɗi, in ma ta yi kwantai a ci ta. Ga kuma haraji ana nema. Fataken da suka gwanance a cinikin goro suka bazu ƙauyuka suna saye. Da kakar 1912 gyaɗa ta cika tashar Kano har jirgi ya kasa kwashewa. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Cikin irin waɗannan fatake ne Alhassan Ɗantata ya shahara, har cikin 1929 ya kai azurfa kayan raƙumi 20 banki.

Cikin 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa. Ita kaɗai ke fitar da gyaɗa waje, ita ke yanke farashi. An ce don a tsare manomi daga faɗuwar kasuwa ne. Amma shekaru da yawa ana biyansa ƙasa da farashin duniya, rarar tana tafiya ga ayyukan gwamnati. Sannu a hankali noman gyaɗa ya daina ƙayatar da manomi. Fari ya zo cikin 1973, cutar gyaɗa ta biyo cikin 1975, dalar gyaɗa ta ɓace. Cikin 1986 aka rushe hukumomin.

Kasuwar Kurmi kuwa tana nan tana ci a gefen Jakara, bayan shekara fiye da 500. Tarihinta ya nuna ciniki yana bukatar mai tsare hanya da mai raba gardama. Amma abin da za a shuka da abin da za a saya, mai gona da mai kuɗi su suka fi kowa sani.