Daga Fijo zuwa Lexus: abin da na gaya wa ɗan ƙanwata kafin ya ci bashin mota

Ɗan ƙanwata malamin lissafi ne a wata sakandare nan Maraɗi. Shekara shida ya yi yana kwantiragi kafin lambarsa ta ma'aikacin gwamnati ta fito, kuma tana fitowa banki ya nuna masa cewa ƙofar bashi a buɗe take. Wata Juma'a bayan la'asar ya zo gida, ya jingine babur ɗinsa, ya miƙo mini waya. Hotunan motoci uku ne, duka manya, duka masu kujerun fata, duka ƴan Kwatano.

Ya ce, "Kawu, wacce za ta riƙe ni? Ni dai ba na son ƙaramar mota. Sau ɗaya zan saya."

Ban yi masa dariya ba, don na san wannan ciwon, na taɓa yin sa. Na ce ya zauna a kawo shayi, in ba shi tarihin manyan motoci a ƙasar nan yadda na gan shi da idona. Shi ne nake maimaita muku, ƴan'uwana malamai da iyaye, saboda na lura tambayar tana yawo a gidaje da yawa.

Muna yara, motar babban mutum ita ce Peugeot, Fijo a bakinmu. 504 ta fito a Faransa a 1968, kuma daga 1975 aka fara haɗa Fijo a Kaduna. Wannan ne sirrinta a wajenmu. Abin da ya lalace a jikinta da safe a Maraɗi, kafin magariba an kawo shi daga Katsina ko Kano. Motar da babban jami'in gwamnati yake shiga ita ce dai ƴar'uwar wadda direban tasha yake lodin fasinja tara a ciki zuwa Damagaram. Injinsu ɗaya, makanikensu ɗaya. Bambancin fenti ne da direba mai hula.

Akwai kuma hanyar da yaran yanzu ba su sani ba. A shekarun 1970 da 1980, lokacin da kuɗin uraniyom ke zuba, matasan Turawa, Faransawa da Jamusawa da ƴan Holan, sukan sayi tsohuwar Fijo ko Mercedes a gida da araha, su tsallake teku zuwa Aljeriya, su ratsa Tamanrasset da In Gezzam, su shigo ta Assamaka. Su sayar da ita a Arlit ko Agadas, wasu su kai har Tawa ko Yamai, su sayi tikitin jirgi da kuɗin su koma. Ba wanda ya shirya shi haka, amma hamada ta zama mai jarrabawa. Motar da ba ta da ƙashi can take mutuwa cikin rairayi. Wadda ta iso, ta riga ta ci jarrabawarta kafin dillali ya buɗe baki. Tawayen arewa da yaƙin cikin gida na Aljeriya a farkon shekarun 1990 suka rufe wannan hanya.

Alhazan Maraɗi, waɗanda suka fara arziki da gyaɗa suka ƙara da kasuwancin iyaka, su suka ɗaukaka Marsandi. Ƙirar da Jamusawa suka yi daga 1976 zuwa 1985, wadda masana ke kira W123, ita ce uwar labarin da ake bayarwa har yau cewa Marsandi ba ta mutuwa. An ƙera sama da miliyan biyu da rabi. Amma ku lura da abu guda: a Jamus taksi ce. A Maroko ma taksi ce ta tsakanin garuruwa shekara da shekaru. Wani direban taksi a Girka ya yi kilomita miliyan 4.6 da 240D ta ƙirar da ta gabace ta, har aka kai motar gidan tarihin kamfanin a 2004. Injin gas ne mara gaggawa, babu kwamfuta, wayoyinta kaɗan, yaron gareji mai shekara biyu a hannun maigidansa yana iya kwance ta ya ɗaura. Wadda ta gaje ta, W124, da ƙanwarta 190, su ma sun riƙe sunan gidan.

Sai Janairun 1994. Aka karya darajar sefa, abin da kake saye da jika guda daga waje ya koma jika biyu a dare ɗaya. Mu malamai a lokacin muna bin gwamnati albashin watanni, wa ke zancen sabuwar mota? Daga nan tashar jirgin ruwa ta Kwatano ta zama kasuwar kowa. Motoci daga Beljiyam da Jamus, daga baya daga Amurka, a rubuta cewa Nijar za su, su tsallako ta Malanbil da Gaya, da yawansu su zarce Nijeriya ta Konni ko Ɗan Isa. Gari ya cika da motocin da a da sai a hoto.

A nan ne aka yaudare mu, ko kuma mu muka yaudari kanmu. Sunan da tsofaffin motoci suka gina da ƙarfe, sababbi suka gada a bagas. Daga tsakiyar shekarun 1990 masu ƙera motocin alfarma a Turai suka shiga gasar na'urori: kwamfuta a injin, kwamfuta a giya, kwamfuta a ƙofa, wasu ma aka cire musu sifirin na ƙarfe aka sa jakunkunan iska. A ƙasarsu, inda mai mota yake kai ta gareji mai na'urar bincike duk shekara, abin daɗi ne. Mu kuwa muna sayen ta bayan shekara goma ko sha biyar, daidai lokacin da robobi suka bushe, mu kawo ta cikin zafin Afrilu da ƙurar hunturu.

A 2009 na ci bashin shekara huɗu na sayi irin wannan. Ba zan faɗi sunanta ba, don laifin nawa ne. Wata bakwai na yi ina jin kaina wani abu; har mai gadin makaranta ya fara buɗe mini ƙofa biyu. Wata safiya na fito na tarar ta durƙusa da gaba kamar raƙumin da za a yi wa lodi. Makanike uku suka duba, kowanne ya canza abin da ya iya canzawa, na biya. Na huɗun ne ya gaya mini gaskiya: famfon iskar ya mutu, jakunkunan gaba sun tsage, babu su a Maraɗi, babu a Katsina, sai an aika Legas. Na aika. Abin da ya zo na wata shekarar ƙira ne, bai shiga ba. Motar ta yi shekara biyu ƙarƙashin dogon yaro, kaji suna yin ƙwai a ƙasanta, banki kuma bai fasa yankan albashina ko wata ɗaya ba. A wannan shekarar ce ƴata ta biyu ta samu gurbi a makarantar koyon aikin jinya mai zaman kanta, na ce ta jira baɗi. Ta jira. Ba ta taɓa yi mini gori ba, kuma wannan ya fi gorin ciwo.

A can gefe kuwa Japanawa sun bi wata hanya. A 1989 Toyota ta fitar da Lexus LS 400 a Amurka don ta kara da Jamusawa, bayan shekara shida ana aikinta. Cikin watannin farko aka gano ƴan matsaloli, kamfanin ya kira motocin kusan dubu takwas ya gyara, dillalai suna zuwa gida su ɗauka su dawo da ita a wanke, tanki cike. LS mota ce ta gaske, amma ba ita na nuna wa yaron ba, don injinta silinda takwas ne, albashin malami ba ya ciyar da shi. Ƙanwarta ES ce ta fi kusa da mu, kuma dalilin shi ne dalilin Fijo: Camry ce da aka sa wa babbar riga. Ƙashin jikinsu ɗaya, injin silinda shida ɗaya ne da na Camry mai V6. Duk garin da Camry ta cika, kuma ta cika garuruwanmu, to makanikenta yana nan, kayanta suna Ƙofar Ruwa a Kano in ba a same su a gida ba.

Ita ma tana da nata. ES 300 na ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000 injinsu yana tara dauɗar mai in tsohon mai shi ya yi sakaci da juye. A buɗe murfin mai a haska fitila. ES 330, ta 2004 zuwa 2006, bel ɗin roba ne ke daidaita juyin injinta, ana canza shi wajen kilomita 145,000, kuma ba wanda zai rantse maka an canza, don haka ka sa kuɗinsa cikin lissafi tun farko. ES 350, daga 2007, sarƙa ce da ita, wannan ya huta, amma na shekarun farko suna da wani bututun mai na roba da ke fashewa, sai a tabbata an musanya shi da na ƙarfe. Allon gabansu kuma yana narkewa ya yi danƙo a ƙasashen zafi. Mai kuwa, cikin gari kusan lita 12 a kilomita 100. Tun da Nijeriya ta cire tallafi a Mayun 2023, ruwa-ruwa ya daina zama abin dogaro. Na ce wa malamin lissafi ya yi lissafin da kansa, ya ɗora a kan abin da zai rage bayan banki ya yanka.

Sai abin da ya shafi kowace motar Amurka. Agogonta mil yake ƙirgawa, 100,000 a fuska kilomita 160,000 ne, in ma ba a juya shi baya ba. Bayan manyan ambaliyoyi irin Katrina a 2005 da Harvey a 2017, motocin da suka sha ruwa ana gwanjonsu, kuma wasunsu a nahiyarmu suke ƙarewa da sabon fenti. Lambar jikin mota mai harufa da alƙaluma 17 tana tona asirin da yawa a intanet. Tun bayan Yulin 2023 kuma, da iyakar Benin ta rufe, abin da ake kira ƴar Kwatano sau da yawa ta Lome ta biyo, ta ratsa Burkina, hanya mai tsawo da tsada. Wanda ya ba ka ita a farashin da, tambaye shi takardar duwan kafin gaisuwa ta yi nisa.

Ya ce, "To Kawu, ka yarda in saya ke nan?"

Na ce ni da ya ƙara shekara a kan babur ya fi mini. In kuma aka yi masa canjin aiki zuwa ƙauyen da ke nesa da kwalta, wannan motar cikinta a ƙasa yake, damina ɗaya ta ishe ta. Amma shi ba yaro ba ne, matarsa tana da ciki na uku, kuma na san abin da ake ji in an goya iyali a babur cikin iskar Janairu. Sharaɗina biyu: kada bashin ya wuce shekara uku, kuma ya ware kuɗin gyara a gefe kafin ya taya.

Asabar ɗin da ta biyo muka je wurin dillalin da makaniken da ya gaya mini gaskiya a 2009, yanzu ya yi furfura. Biyu daga cikin motocin ko kallonsu bai yi ba. Ta ukun, ES 350 mai ruwan toka, ya tada ta, ya saurara, ya gyaɗa kai. Sannan ya tura kujerar direba baya, ya ɗaga kafet, ya cusa hannu, ya fito da busasshen laka a yatsunsa. Kusoshin kujerar duk sun yi tsatsa. Dillalin ya ce wanki ne. Makaniken ya goge hannu a wandonsa ya ce mu tafi.

Yaron bai yi magana ba har muka kai gida. Jiya ya aiko mini hoton wata, fara, ta wani likita da zai koma Yamai, takardun juyen mai na shekara biyar suna cikin akwatin gabanta. Ranar Asabar za mu koma da makaniken.