Tarihin Manyan Manhajojin Kwamfuta Uku da Abin da Suka Gadar wa Mai Saye

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya shiga kasuwa da niyyar sayen sabuwar kwamfuta, malami ne ko ɗalibi ko ma'aikacin ofis, tambayoyin da ya fi yi su ne na kuɗi da faɗin allo da ƙarkon batir. Ba safai yake tambayar wace babbar manhaja ce a cikinta ba, domin ya ɗauka da ita aka halicci na'urar. Alhali kuwa ita ce za ta ƙayyade irin aikin da zai iya yi, da yawan shekarun da zai mori na'urar, da wurin wanda zai nufa ran da ta ƙi tashi.

Manufar wannan takarda ita ce bin sawun manyan manhajoji uku da suka mamaye kwamfutocin tebur da na cinya, watau Windows da macOS da Linux. Abin da ake son tabbatarwa shi ne, bambance-bambancen da mai saye yake gani a yau sun samo asali ne daga shawarwari uku da aka yanke tsakanin 1980 da 1992 a kan tambaya guda: wane ne mai manhaja, kuma wa aka yarje wa ya sa ta a cikin na'urarsa?

2.0 Ma'anar Babbar Manhaja

Babbar manhaja ita ce wadda take fara tashi idan an kunna kwamfuta, ta tsaya tsakanin ƙarafan na'ura da ƙananan manhajojin da mutum yake aiki da su, kamar na rubutu da na lissafi da na shiga intanet. Ita ke raba musu wurin ajiya, ta karɓi saƙon maɗannai, ta aika da rubutu zuwa injin bugawa. Ƙaramar manhajar da aka rubuta domin wata babbar manhaja ba ta aiki a kan wata, sai an sake mata fasali. Wannan ƙa'ida ita ce mabuɗin dukkan tarihin da zai biyo baya.

A shekarun 1970 kusan kowane kamfani da tasa manhajar. Biyu ne suka yi fice wajen tsallakawa daga na'ura zuwa na'ura: Unix, wadda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka soma a ɗakunan bincike na Bell a Amurka cikin 1969, da CP/M, wadda Gary Kildall ya rubuta a 1974 domin ƙananan kwamfutoci.

3.0 Shawara ta Farko: Sayar da Lasisi ga Kowa

A cikin 1980 kamfanin IBM ya ƙudura niyyar fitar da ƙaramar kwamfuta cikin gaggawa. Da ya nemi daidaitawa da kamfanin Kildall abin bai yiwu ba, sai ya juya ga Microsoft na Bill Gates da Paul Allen, wanda a lokacin ba shi da babbar manhaja tasa ta irin wannan na'ura. Microsoft ya samo wata mai suna 86-DOS, wadda Tim Paterson ya rubuta, ya kuma saye ta ɗungurungum a watan Yuli na 1981 a kan dala 50,000. Ran 12 ga Agusta 1981 kwamfutar IBM ta fito da ita.

Muhimmin abu a cikin wannan ciniki shi ne, Microsoft bai sallama wa IBM manhajar ba, ya riƙe ikon sayar da lasisinta ga wasu da sunan MS-DOS. Da kamfanoni irin su Compaq suka soma ƙera kwamfutoci masu kwaikwayon ta IBM daga 1983, sai kowannensu ya zama abokin cinikin Microsoft. Masu ƙira suka yi ta gasa, farashi ya yi ta sauka, amma manhajar ciki guda ce. Masu rubuta ƙananan manhajoji suka karkata inda jama'a suka fi yawa, jama'a kuma suka karkata inda ƙananan manhajoji suka fi yawa. Sarkin yawa, in ji Hausawa, ya fi sarkin ƙarfi.

MS-DOS dai baƙin allo ce da ake buga wa umarni da haruffa. Windows ta farko ta fito a Nuwamba 1985 a matsayin riga a kanta, ba ta kuwa sami karɓuwa sosai ba sai da Windows 3.0 ta zo a 1990, sannan Windows 95 ran 24 ga Agusta 1995. Wannan rinjaye bai rasa ƙorafi ba. A 1994 gwamnatin Amurka ta sa Microsoft ya daina wata irin yarjejeniya da take tilasta wa masu ƙira biyan kuɗi a kan kowace na'ura, ko da ba su sa manhajarsa a ciki ba. A 2000 wani alƙali ya ba da umarnin a raba kamfanin gida biyu, kotun ɗaukaka ƙara ta soke umarnin a 2001, sannan Tarayyar Turai ta ci shi tarar Yuro miliyan 497 a 2004. Duk da haka, al'adar sayar da kwamfuta da Windows a cikinta ta riga ta kafu.

4.0 Shawara ta Biyu: Haɗa Manhaja da Na'ura

Tsarin tagogi da 'yan hotuna da linzamin nuni ya bunƙasa ne a cibiyar binciken Xerox da ke Palo Alto, inda aka ƙera na'urar Alto a 1973. Steve Jobs na kamfanin Apple ya ziyarci wurin a ƙarshen 1979, abin da ya gani kuma ya yi tasiri a kan Macintosh, wadda ta fito ran 24 ga Janairu 1984 a kan dala 2,495. A shekarar da ta biyo aka sami injin bugawa na LaserWriter da manhajar tsara shafi ta PageMaker, waɗanda suka sa Macintosh ta zama abar so ga maɗaba'u da masu zane.

Apple ya zaɓi ya riƙe manhajarsa a cikin na'urorinsa kaɗai. Amfanin haka shi ne, da yake hannu ɗaya ne ya yi ƙarfe da manhaja, sukan dace da juna, matsaloli su ragu. Illarsa kuwa tsada, da rashin wani mai ƙira da zai karya farashi. Kamfanin ya gwada ba wasu lasisi daga 1995, amma da Jobs ya koma a 1997 sai ya rufe ƙofar. A wannan shekara Apple yana cikin mawuyacin hali, har Microsoft ya zuba masa jarin dala miliyan 150, tare da alkawarin ci gaba da fitar da Office domin Macintosh. Daga manhajar kamfanin NeXT, wanda Apple ya saya, aka gina Mac OS X ta 2001, mai tushe a Unix, wadda ake kira macOS a yanzu. A 2006 Apple ya koma amfani da masarrafan Intel, a 2020 kuma ya soma sa nasa na kansa. Ƙa'idar 1984 dai ba ta sake ba: mai son manhajar, dole ya sayi na'urar.

5.0 Shawara ta Uku: Sakin Manhaja ga Jama'a

A 1983 Richard Stallman ya ba da sanarwar shirin GNU, da nufin gina babbar manhaja irin Unix wadda kowa zai iya kwafa, ya karanta asalin rubutunta, ya gyara, ya rarraba. A 1989 ya fitar da lasisin GPL, wanda sharaɗinsa shi ne, duk wanda ya gyara ya rarraba, sai ya bar wa na gaba irin 'yancin da shi ya samu. Abin da shirin ya rasa shi ne cibiya, watau ɓangaren da yake magana da ƙarafa kai tsaye. Wannan giɓi ne Linus Torvalds, ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, ya cike a 1991, ya kuma sa aikinsa ƙarƙashin GPL a 1992.

Da yake babu mai ita shi kaɗai, Linux ta rarrabu iri-iri. Akwai Debian ta 1993, akwai Ubuntu wadda Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, ya ɗauki nauyin fitarwa a Oktoba 2004 domin sauƙaƙa wa talaka. Linux ta yi rinjaye a manyan na'urorin da suke riƙe da intanet, cibiyarta ce a cikin wayoyin Android da kwamfutocin Chromebook da suka fito a 2011, amma a kan tebur rabonta kaɗan ne. Dalilin a fili yake: ba kasafai ake sayar da na'ura da ita a ciki ba, kuma wasu manhajojin da ofisoshi suka saba da su, kamar Microsoft Office da Photoshop, ba a yi su dominta ba, ko da yake akwai madadinsu irin su LibreOffice.

6.0 Batun Haruffa Masu Ƙugiya

Akwai wani ɓangare na wannan tarihi da ya shafi mahalarta wannan taro kai tsaye. Tsarin ASCII na shekarun 1960, wanda kwamfutocin farko suka gada, gurabu 128 kawai gare shi, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu kuma ƴ da ake rubutawa a Nijar. Saboda haka marubuta Hausa suka daɗe suna dogara da wasu zanen haruffa na musamman, waɗanda suke aron gurbin wata alama su sa ƙugiya a ciki. Da zarar an kai takardar wata na'ura da ba ta da wannan zane, sai rubutu ya dagule. Tsarin Unicode, wanda aka fara bugawa a 1991, shi ne ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin, manyan manhajojin uku kuma duk sun rungume shi. A yau Windows da Linux suna da tsarin maɗannai mai sunan Hausa, macOS ma tana da hanyar buga haruffan. Wanda ya rubuta ƙasa ba tare da ƙugiya ba, to daga rashin saita maɗannai ne ko rashin kula.

7.0 Abin da Mai Saye Ya Gada

Idan aka auna ukun da ma'aunin wannan tarihi, za a ga kowace tana biyan mai ita da irin shawarar da aka gina ta a kai. Mai sayen Windows yana samun zaɓin na'urori daga masu araha zuwa masu tsada, da ɗimbin manhajoji, da masu gyara a kusan kowace kasuwa. Yawan nan nasu kuma shi ne ya sa masu ƙirƙirar manhajojin ɓarna suka fi kai musu hari. Mai sayen Macintosh yana samun na'ura da manhaja da suka san juna, amma zai biya da tsada a ranar saye da ranar gyara. Mai Linux ba ya biyan kuɗin lasisi, tana kuma iya raya tsohuwar na'ura, sai dai yana bukatar haƙurin koyo da wanda zai tambaya.

Abu na biyu shi ne wa'adi. A tsarin Microsoft da Apple, kamfani ne yake yanke ranar da zai daina aiko da gyare-gyaren tsaro. An daina kula da Windows XP ta 2001 a Afrilu 2014. Windows 10 ta 2015 wa'adinta ya cika ran 14 ga Oktoba 2025, in ban da ɗan ƙarin lokaci ga waɗanda suka yi rajista. Windows 11 ta 2021 kuwa ta gindaya sharuɗɗan da yawancin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2018 ba su cika ba. Wannan ya fi shafar ƙasashe irin namu, inda jama'a da yawa suke sayen kwamfutocin gwanjo da aka shigo da su daga Turai da Amurka. Na'urar da take sabuwa a hannun ɗalibi tana iya kasancewa wadda kamfanin manhajarta ya riga ya sallama, alhali a cikinta zai ajiye kundin digirinsa.

8.0 Kammalawa

An nuna a wannan takarda cewa Microsoft ya sayar da lasisi ga kowane mai ƙira, Apple ya ɗaure manhajarsa da na'urarsa, masu GNU da Linux kuma suka saki tasu ga jama'a, kuma daga waɗannan shawarwari ne farashi da yawan manhajoji da sauƙin gyara suka biyo. Bisa ga haka, tambayar wace ce ta fi kyau ba ta da amsa guda. Ya kamata mai saye ya tambayi kansa abu huɗu: waɗanne manhajoji ne aikinsa ba ya yiwuwa sai da su, wa zai gyara masa a garin da yake zaune, har zuwa wace shekara za a ci gaba da aiko wa na'urar gyaran tsaro, kuma an saita masa haruffan harshensa kafin ya bar shago? Haƙƙi ne a kan jami'o'i da kwalejojinmu su koya wa ɗalibai waɗannan tambayoyi tun a shekarar farko, su kuma duba tsofaffin kwamfutocin da suke jibge a ɗakunan ajiyarsu, domin da yawa daga cikinsu ƙarfensu lafiya lau yake, manhajar ce kawai wa'adinta ya ƙare.