Wa Ke Asara In An Jona Waya a Laftof?

Magana ce da ta zauna a bakin mutane, cewa cajin waya a jikin laftof yana kashe batirin wayar, wai don wutar ba ta da ƙarfi. Rashin ƙarfin gaskiya ne. Kashe batirin kuwa babu hujja a kansa, kuma in an bi lissafi za a tarar asarar a wani gefen take.

Ba don caji aka ƙera kafar USB ba. Lokacin da ta fito a 1996, aikinta haɗa kwamfuta da linzami da allon rubutu da firinta, aka ba ta wuta daidai cikin ƙananan kaya. Ƙa'idar USB 2.0 ta shekarar 2000 ta tsaya a bolt 5 da miliamfiya 500, wato wat 2.5. Wannan ɗin ma sai an roƙa, domin abin da aka jona yana farawa ne da miliamfiya 100, sai ya gabatar da kansa ga kwamfuta kafin a ƙara masa. USB 3.0 ta 2008, wadda galibi ake gane ta da shuɗin launi a ciki, ta kai wat 4.5. Kafar USB-C da ta zo a 2014 ce ta buɗe hannu, tana iya ba da wat 15 idan kamfanin da ya ƙera laftof ɗin ya yarda.

Batirin waya mai miliamfiya-awa 5,000 yana ɗauke da kimanin wat-awa 19. A raba wannan da 2.5, an haura awa bakwai da rabi, ban da wutar da ke zubewa a hanya ta zama zafi. In kuma mai wayar yana kallon bidiyo, abin da fuskar wayar ke sha zai iya cinye abin da ke shigowa, a ga lambar cajin batir ta tsaya cik a kashi 40 ko ta ma riƙa sauka. A ganina daga nan zargin ya samo asali. Amma a cikin kowace waya akwai ɗan guntun na'urar da ke tsara yadda wuta ke shiga batir, ba kai tsaye take faɗa masa ba. Abin da ke saurin tsofar da batirin litiyom zafi ne da daɗewa a cike, kuma caji a hankali bai cika ɗumama waya ba.

Mai biyan bashin shi ne laftof. Batirin yawancinsu yana tsakanin wat-awa 40 da 60, don haka cika babbar waya sau ɗaya yana kwashe kusan rabinsa. Mafi muni, idan sai an bar laftof a kunne kafin kafar ta ba da wuta, shi da kansa yana shan fiye da abin da yake bai wa wayar. Ɗalibin da aka ɗauke wa wuta, ya buɗe laftof cikin dare don kawai ya ceci wayarsa, zai iya wayar gari laftof ya mutu, waya ba ta cika ba. Wasu kamfanoni sun ga wannan: Lenovo da Dell da Toshiba sun sa kafar da ke ba da wuta ko da laftof yana barci ko a kashe, ana gane ta da alamar walƙiya ko ta batir a gefenta, wani lokacin da launin ɗorawa. Sau da yawa sai an kunna ta a saitin laftof ɗin da ake kira BIOS.

Kebul ma yana da nasa laifin. Siririn nan mai araha, musamman dogo, yana rage bolt kafin ya isa, wayar ta ji haka ta rage abin da take ja. Kuma tunda tsohon kebul na USB zare huɗu ne a ciki, biyu na wuta biyu na bayanai, jona waya a kwamfutar shagon buga takardu buɗe ƙofa ne ga hotuna da fayil, sai dai in an bar ta a kulle ko an zaɓi caji kawai.