Gandun Dajin Yankari: Daga Hannun Maharba zuwa Hannun Hukuma

Duk wanda ya shiga Yankari, a ƙasar Alkaleri ta Jihar Bauchi, yakan ɗauka cewa tun fil azal dajin nan na namun daji ne kaɗai. Amma ƙasar kanta ta ƙaryata wannan zato. Kogunan Marshall da aka sassaƙa a jikin dutse, da rijiyoyin Dukke, da kufan murhunan narka tama, duk shaida ne cewa mutane sun zauna a nan, sun yi ƙira, sun yi farauta. A zamanin da, daji yana da masu shi, watau maharba, ƙarƙashin sarkin baka, kuma al'ada ce ke tsara musu lokacin fita da rabon nama.

A shekarar 1956 Gwamnatin Jihar Arewa ta keɓe wannan yanki mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, aka kuma buɗe shi ga baƙi a 1962. Daga nan ma'anar daji ta sauya. Giwa da ɓauna da gwanki suka zama abin kallo a bakin kogin Gaji, musamman da rani, sa'ad da ƙishirwa ke tara su wuri guda. Ruwan Wikki kuwa, mai ɗumin digiri 31 rani da damina, ya zama wurin wanka da shaƙatawa. To, amma dokar da ta yi wa baƙo maraba, ita ce ta mai da maharbi ɓarawo a dajin kakanninsa, ta kuma rufe wa makiyayi ƙofar kiwo.

Riƙon gandun ya yi ta sauya hannu. Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1991, sa'an nan ta mayar wa Jihar Bauchi a 2006. Sauyin bai kawar da farautar sata ba, bai kuma hana giwaye faɗa wa gonakin maƙwabta ba. Raƙumin dawa ma tuni ya ɓace daga dajin.

Darasin da ke nan ga ɗalibi da ma'aikacin hukuma a fili yake. Doka tana iya shata iyaka, amma mutanen ƙauyukan da ke kewaye su ne shingen gaskiya. Muddin manomi bai ga amfanin giwa ba sai ɓarnarta, to, yawan 'yan gadi ba zai tsare ta ba.