Wasan da Ba Mu Taɓa Yi Ba a Dandamalin Makaranta

Mu da muka yi makarantar kwana a ƙasar Gwandu mun san daren wasan kwaikwayo. A ɗakin cin abinci ake yin sa. A haɗa tebura shida ko takwas su zama dandamali, a rataya barguna biyu a igiya su zama labule, a aro babbar riga wurin maigadi, a yi gemu da auduga. Labarin kuwa kusan kullum guda ne: ga alƙali mai cin hanci, ga boka maƙaryaci, ga tsohon da ya cire 'yarsa daga makaranta ya yi mata auren dole. Yaron da ya fi kowa ƙiriniya shi ke ɗaura zane ya fito a uwargida. A yi dariya har ciki ya ƙulle, shugaban makaranta ya tashi ya yi nasiha, a watse.

Abin da ba mu tuna mun gani ba shi ne wasan da aka tashi daga kallonsa jiki a sanyaye. Wato wasan ban tausayi, irin wanda babban mutum ke faɗuwa a gaban idonka, kana ganin laifinsa, kana kuma jin zafin faɗuwarsa. Labarai irin waɗannan muna da su jingim. Sai dai mafi yawansu suna jingine da addini ko da mutanen da muke girmamawa, malamin da ke kula da ƙungiyar wasa kuwa yana son aikinsa. Wannan ɗari-ɗari ba a kanmu aka fara shi ba. Wata makarantar 'yan mata a Faransa ta sha fama da shi fiye da shekara 300 da suka wuce, kuma labarinta ya isa a ji.

A 1686 aka buɗe makarantar Saint-Cyr kusa da fadar Versailles. Madame de Maintenon, matar da Sarki Louis na 14 ya aura a ɓoye, ita ta tsaya aka gina ta domin 'yan mata 250, 'ya'yan manyan gida waɗanda iyayensu suka talauce. Tana son yaran su iya magana a gaban jama'a, don haka aka sa su wasan kwaikwayo. Da suka gwada Andromaque, wani wasan soyayya na Jean Racine, sai suka iya shi fiye da yadda ake so. Hankalin matar ya tashi. Ta aika wa Racine cewa ya rubuta musu wani abu na tarbiyya wanda babu soyayya a ciki. A lokacin Racine ya yi shekara fiye da goma bai rubuta wasa ba, tun bayan Phèdre a 1677. Ya buɗe Littafi Mai Tsarki ya ɗauko labarin Esta, Bayahudiyar da ta zama matar sarkin Farisa ta ceci mutanenta daga makircin Haman.

Ran 26 ga Janairu 1689 aka yi wasan a gaban sarki. 'Yan matan ne suka fito a kowane matsayi, har na sarki da na waziri. An ɗinka musu tufafi irin na Farisa, an yi musu ado da duwatsu masu ƙyalli, an shirya waƙoƙi. Wasan ya karɓu fiye da zato. Manyan fada suka riƙa neman a sa sunansu cikin masu shiga, har James na 2, sarkin Ingila da aka kora daga gadonsa, ya zo kallo. To, nan fa matsala ta kunno kai. Yarinyar da jiya take sharar ɗakin kwana, yau sarakuna na yaba ta, samarin fada na leƙenta. Aka fara ƙorafin cewa yaran sun yi girman kai. Wasu malaman coci suka ce an mayar da gidan tarbiyya gidan kallo.

Duk da haka Racine ya rubuta musu na biyu, Athalie, wanda masana da yawa ke ɗauka shi ne gwanintarsa mafi girma. Labarin yana cikin Littafin Sarakuna na Biyu, sura ta 11. Ataliya sarauniya ce a Urushalima. Da ɗanta sarki ya mutu, sai ta sa aka karkashe 'ya'yan gidan sarauta don ta riƙe mulki. Jariri ɗaya ya tsira, Yowash, aka ɓoye shi a Haikali shekara shida. A ta bakwai babban firist Yehoyada ya fito da shi ya naɗa shi, aka kashe Ataliya. Racine bai bar mai kallo ya yi murna ba. Ya sa tsohuwar ta ga yaron ba ta san jikanta ba ne, zuciyarta ta karkata gare shi. Ya kuma nuna tun daga nesa cewa wannan yaro mai tsarkin zuciya, in ya girma, shi zai sa a jefe ɗan firist ɗin da ya raine shi.

A Janairun 1691 'yan matan suka yi Athalie, amma ba tufafin Farisa, ba ado, ba taron fada. Cikin kayansu na makaranta suka tsaya a ɗaki, gaban sarki da mutane ƙalilan. Ba da jimawa ba aka mayar da makarantar ƙarƙashin dokokin gidan zuhudu. Racine ya rasu a 1699 bai ga wasansa a babban dandamali ba. Sai a 1716, bayan mutuwar sarkin, aka nuna shi ga jama'ar Paris.

In muka duba da kyau, tsoro biyu ne ya haɗu a Saint-Cyr. Akwai tsoron labarin, kada a wulaƙanta abin da ke da tsarki. Akwai kuma tsoron abin da rigar za ta yi wa yaron da ya sa ta. Mu ma da su biyun muka taso.

Bahaushe dai ba baƙon kwaikwayo ba ne. A wasan gauta matan fada kan kwaikwayi sarki da hakimansa, sarkin na zaune yana kallo. A tashe yara kan yi shigar malami, ko tsoho, ko gwauro, ba mai cewa sun yi rashin kunya. Amma wasan da ake rubutawa a haddace a hau dandamali, wannan ta ƙofar makarantar boko ya shigo. A shekarun 1930 Rupert East, wanda ya koyar a Kwalejin Katsina kafin ya koma aikin talifi a Zariya, ya fitar da Six Hausa Plays domin 'yan makaranta, akasarinsu daga tatsuniyoyi. Malam Aminu Kano tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna ya fara rubuta nasa, irin su Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba, ya kuma ci gaba da sa yara wasa sa'ad da yake koyarwa a Midil ta Bauchi, yana zolayar zaluncin masu mulki. Abubakar Tunau ya fitar da Wasan Marafa a 1949, kan tsafta da kiwon lafiya. Shu'aibu Maƙarfi ya zo da Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, Muhammadu Sada ya zo da Uwar Gulma. Duka gyaran hali ne, da dariya a gaba, wa'azi a baya. Wanda ake kayarwa a ciki attajiri ne mai son zuciya ko miji azzalumi, ba wanda faɗuwarsa za ta girgiza gari ba.

Wanda ya fi kusa da wasan ban tausayi shi ne Shaihu Umar, da Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar wasan dandamali daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, aka buga shi a 1975. Uwar da ta ratsa hamada cikin bauta tana neman ɗanta, ta gan shi, ta cika ba da jimawa ba. Amma Shaihu Umar ƙagaggen mutum ne, ba shi da jikoki da za su zo ofishin shugaban makaranta.

Ƙissoshin annabawa kuwa, waɗanda kowane ɗan makarantar allo ya san daɗinsu, ba a taɓa sa su cikin lissafi ba, domin malamanmu ba su yarda wani ya fito a siffar annabi ba, mu ma ba mu nema ba. 'Yan'uwanmu Kirista a Zuru da Yawuri sukan yi wasannin Kirsimeti da na Ista da Hausa a cocinsu, kuma suna da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932. Sai dai wannan ibada ce a cikin gida. A makarantar gwamnati, inda Musa da Bitrus ke kwana ɗaki guda, kowa ya san inda ake tsayawa.

Abin da ke ba mu mamaki shi ne, labarin da ya fi dacewa da irin wannan wasa yana nan a ƙofar gidanmu, mu mutanen Jega da Aliero da Maiyama. Ba na annabi ba ne, amma yana da zafi.

Malam Abdussalami Ba'are ne, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ɗaya daga cikin manyan malamai Hausawa da suka bi shi tun da wuri. Da matsin sarakunan Gobir ya yi yawa sai ya kwashi jama'arsa ya zauna a Gimbana, nan ƙasar Kabi. A ƙarshen 1803 rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta auka wa garin, ta kashe na kashewa, ta kama na kamawa. Da aka zo wucewa da kamammun ta kusa da Ɗagel, jama'ar Shehu suka tare hanya suka kwance su. Wannan shi ya ƙarasa ɓata tsakanin Shehu da Yunfa, aka yi hijira zuwa Gudu a Fabrairun 1804. Ke nan wutar jihadi a kan mutanen Abdussalami ta fara kamawa.

Shekara goma sha uku bayan haka, Shehu ya rasu a 1817, aka yi wa Muhammadu Bello mubaya'a. Abdussalami yana Kware a lokacin, arewa da Sakkwato kaɗan, ransa kuma a ɓace. Yana ganin an raba ƙasa ba a ba shi gwargwadon wahalarsa ba, yana kuma zargin wasu shugabanni da barin tafarkin da aka fito dominsa. Bello na ganin mutumin ya buɗe ƙofarsa ga abokan gaba, yana hulɗa da waɗanda ake yaƙi da su. Wasiƙu suka yi ta kai da komowa. Ba su yi amfani ba. Aka kewaye Kware, garin ya faɗi, Abdussalami ya fita da rauni ya nufi Zamfara, ya rasu a Bakura a farkon 1818. Sauran mutanensa suka taru a Kalambaina, inda Malam Abdullahi na Gwandu ya yi ta fama da su har Bello ya kawo masa gudummawa. A nan ne, kamar yadda aka ruwaito, Bello ya yi haramar sauka daga doki don girmama baffansa, Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi da Sarkin Musulmi. Rikicin da ya ci almajiri shi ya shirya baffa da ɗa. Buhari ɗan Abdussalami kuwa daga baya ya yi sulhu da Gwandu, shi ya kafa Jega, kuma zuriyarsa ke riƙe da sarautar Sarkin Kabin Jega.

Mai neman wasan ban tausayi me ya rage masa? Ga mutum biyu, kowane malami, kowane yana kafa hujja da littafi guda, kowane yana ganin shi ke riƙe da amanar Shehu. Ga kuma wani abin da ya kamata ɗalibin tarihi ya tsaya a kansa: muryar Abdussalami ta iso gare mu ne ta cikin Sard al-Kalam, littafin da Bello ya rubuta kan rikicin, inda ya kawo wasiƙun. Wanda ya yi nasara shi ya adana maganar wanda ya faɗi. Adalci ne da ya adana ta, amma alƙalaminsa ne.

Mun san abin da za a ce. Wa zai sa rawani ya ce shi ne Bello? Wa zai yarda ɗansa ya fito a wanda wasu littattafai suka kira ɗan tawaye, alhali jikokinsa na zaune a sahun gaba? Tambayoyi ne na gaskiya, ba ma raina su. Amma masu wannan sana'a sun daɗe da sanin hanyar zagaye. A wasannin Racine ba a zubar da jini a gaban masu kallo, ko Ataliya a waje aka kashe ta, wani ya shigo ya ba da labari. Mustapha Akkad ya yi fim ɗin The Message a 1976 kan farkon Musulunci ba tare da an ga Manzon Allah (SAW) ko an ji muryarsa ba. Ana iya yin wasan Gimbana ba Shehu, ba Bello, ba Abdullahi a dandamali, kai har ba Abdussalami. A bar mu da manzon da ke ɗaukar wasiƙa tsakanin Sakkwato da Kware, wanda ya yi karatu a gaban malaman ɓangarorin biyu. A bar mu da matar da aka kwance wa igiya a hanyar Ɗagel tana budurwa, ga ta yanzu da 'ya'ya a cikin ganuwar Kware, waɗanda suka kwance ta su ne a waje.

Ko kuɗin kaya ba a buƙata. 'Yan matan Saint-Cyr cikin kayan makaranta suka yi Athalie. Akwai jami'a a Aliero tun 2006, akwai makarantun sakandare daga Jega har Maiyama, kuma a kowane aji da wuya a rasa yaron da kakanninsa suka kwana ko dai a cikin ganuwar nan ko a wajenta. Teburan ɗakin cin abinci suna nan, barguna ma haka. Wanda zai fara zuwa fadar Sarkin Kabi ya yi sallama, ya faɗi abin da yake son yi, ya nemi izini, shi ne har yanzu ba mu samu ba.